Garaya Ba Ta Roƙi Kowa Ƙarin Tsirkiya Ba

Kwanakin baya an gayyace ni wani zama a Katsina, inda ake tattauna yadda za a sama wa matasan da rashin tsaro ya raba da garuruwansu abin yi. Ana cikin haka sai wani matashi mai ƙwazo, wanda daga jin maganarsa ka san ya yi karatu kuma yana da kishi, ya tashi ya haska mana bidiyo a jikin bango. Wani Bature ne a tsaye, ya jingina wani dogon katako mai faɗi a kafaɗarsa, an shimfiɗa wa katakon tsirkiya 12, yatsun hannayensa duka biyu suna kai da komowa a kansu kamar na masaƙi. Mutum ɗaya ne, amma kunne kiɗan mutum uku yake ji. Da bidiyon ya ƙare sai matashin ya juyo ya ce mana, to ga inda duniya ta kai, mu kuwa garayarmu tun kaka da kakanni tana nan daram a kan tsirkiya biyu. Shawararsa ita ce a ware kuɗi a ƙera "garayar zamani" mai tsirkiya 8, a koya wa yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke zaman gudun hijira, su sami sana'a, al'ada kuma ta ci gaba.

Aka tafa masa. Ni ban tafa ba, minti ukun da aka ba ni kuwa ba su isa in bayyana dalili ba, don haka na fito daga ɗakin a matsayin dattijon da ba ya son ci gaba. Ga dalilin nawa a tsanake. Ɗaukar yawan tsirkiya a matsayin ma'aunin wayewar abin kiɗa kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin yana kawar da kuɗi da hankali daga ainihin abin da ke kashe kiɗan garaya a kudancin Katsina.

Sandar da muka gani a bango

Sunan abin da aka haska mana Chapman Stick. Wani makaɗin jita ɗan Amurka mai suna Emmett Chapman ne ya ƙirƙiro shi. A al'ada mai jita yakan danne tsirkiya da hannun hagu ya kaɗa ta da na dama, wato hannu biyu ke haɗuwa su fitar da sauti ɗaya. A shekarar 1969 Chapman ya tsayar da jitarsa, ya ɗora hannayen duka biyu a kan wuyanta, kowane yatsa ya riƙa bugun tsirkiya yana manna ta da ƙarfen da aka gicciya a ƙarƙashinta, bugun nan kaɗai ya wadatar wajen fitar da sauti. Ta haka kowane hannu ya sami 'yancin kansa, kamar a kan fiyano. A 1974 ya fara ƙera sandar yana sayarwa, mai tsirkiya 10: biyar na babbar murya, biyar na ƙaramar murya, mafi kauri a tsakiya, suna sirancewa zuwa gefe biyu. Daga baya aka fito da mai 12, shida da shida, da kuma mai 8. Tony Levin, wanda ya yi kiɗa da Peter Gabriel da ƙungiyar King Crimson, yana cikin waɗanda suka fi sa duniya ta san ta.

Abin da matashinmu bai faɗa ba shi ne, su kansu masu wannan sanda ba su taɓa yanke cewa mai 12 ta fi mai 10 daraja ba. Mai saye zama yake yi ya yi lissafi, domin kowace tsirkiya da aka ƙara da farashinta. Katakon yana ƙara faɗi, yatsu suna ƙara nisan miƙewa, ido yana da ƙarin layukan da zai bambance, kuma duk tsirkiyar da ba a kaɗawa a wannan lokacin dole a tabbatar ta yi shiru, in ba haka ba ta gurɓata sauran. Ribar ƙarin ita ce kowane hannu yana samun fili mai faɗi, har sauti guda ya samu a ɓangarorin biyu, abin da ke amfanar mai kiɗa shi kaɗai wanda ke son cika ɗaki ba tare da abokin aiki ba. Wanda kuwa yake cikin ƙungiya, aikinsa riƙe babbar murya ne kawai, 8 ko 10 sun ishe shi har da ragowa. Kafin ya ƙirga tsirkiya yakan fara tambayar kansa ne wane irin kiɗa zai yi, kuma da wa zai yi shi.

Dalili biyu suka sa wannan sanda ke buƙatar tsirkiya da yawa. Na farko, kiɗan Turawa an gina shi ne bisa ɗora sautuka uku ko huɗu a kan juna a lokaci guda. Na biyu, an ƙera ta ne don mutum ɗaya ya ɗauke aikin mutum biyu ko uku. Sannan ga sharaɗin da bidiyon bai nuna ba: bugun yatsa ba ya fitar da sauti mai ƙarfi, sai an jona sandar da na'urar ƙara sauti. Idan aka ɗauke wuta, mai tsirkiya 12 ba zai jiyar da wanda ke bakin zaure ba. Mai karatu ya tuna da wannan idan mun iso ƙauyukan Sabuwa.

Sauran tsirkiyoyin garaya mutane ne

Yanzu mu yi wa garaya tambayar da masu sandar suke yi wa kansu. Wane kiɗa take yi, kuma da wa?

Ginin garaya ba shi da wahalar bayani: ƙoƙo da aka rufe da fata, da sanda mulmulalliya da ta zama wuyanta, da jaki da ke ɗauke da tsirkiya a kan fatar, da ceba mai kacau-kacau a saman sandar, sai tsirkiya biyu. Babbarta ita ake kira komo. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina suka kuma buga ƙamus ɗin kiɗan Hausa a 1971, sun same ta a hannun makaɗan maharba da na bori. Manazartanmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun saba rarraba makaɗa gwargwadon waɗanda suke yi wa kiɗa, ga na fada, ga na sana'a, ga na maza, ga na jama'a. Wannan rabo da kansa darasi ne: a ƙasar Hausa aikin abin kiɗa ake fara dubawa, sannan siffarsa.

Mai garaya ba ya zama shi kaɗai. A gefensa akwai 'yan buta masu riƙe masa lokaci, a bayansa 'yan amshi masu ɗauke masa numfashi su mayar da gindin waƙa, ga sanƙira yana shela yana fassara abin da aka yi wa wane, ga maharbin da zai zabura ya yi kirari idan an taɓo takensa, ga mata masu guɗa. Abin da Chapman ya raba wa yatsunsa, Bahaushe ya raba wa mutane. Duk wanda ya ƙirga tsirkiya biyu ya ce kiɗan talauci ne, ya bar mutum biyar ko shida a wajen lissafinsa. Idan kuma aka yi nasarar ƙera garayar da mutum ɗaya zai cika fili da ita shi kaɗai, to an sallami waɗannan mutane ke nan daga aiki, a cikin shirin da aka ce an kawo shi don samar da aiki.

Akwai kuma maganar harshe. Hausa tana tafiya ne a kan karin sauti biyu, na sama da na ƙasa, sai mai faɗuwa da ke haɗa su, tare da gaɓa mai nauyi da maras nauyi. Take kuwa magana ce da aka cire wa baƙaƙe da wasula aka bar hawa da saukarta da tsawonta, shi ya sa wanda ya san take yakan ji kalmomi a cikinsa ko da babu wanda ya buɗe baki. Abin kiɗan da aikinsa ke nan yana buƙatar ya iya bin murya sawu da sawu, ya zame inda ta zame. Wuyan garaya sumul yake, babu ƙarfen da ya gitta shi, don haka yatsa na iya tsayawa a duk inda kunne ya ce nan ne daidai. Ƙarin tsirkiya shida ba zai ƙara wa wannan aikin komai ba.

Wanda yake shakka ya dubi tarihinmu na kusa. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, kuma shi ko 'yan amshi bai ajiye ba. Ibrahim Nahabu da Garba Supa da Hassan Wayam sun yi suna da kukuma, ita ma tsirkiya ɗaya. Haruna Uji ya yi nasa da gurmi. Alhaji Mamman Shata, wanda Bakori da Funtuwa, maƙwabtan wannan yanki, suke alfahari da zamansa a cikinsu, bai ma riƙe tsirkiya ba, kalangu ya ishe shi har rasuwarsa a 1999. A wajen waɗannan mutane waƙa ce sarauniya, kiɗa dokinta ne. Ba a yaba doki da yawan ƙafafu.

An riga an yi wannan gwaji

Mu ɗauka dai mun amince, mun kai wa masassaƙi aikin garaya mai tsirkiya 8. Matsala ta farko da zai ci karo da ita ita ce sanda mulmulalliya ba ta da filin da tsirkiya 8 za su kwanta a jere, dole a maye ta da katako mai faɗi. Daga nan ɗaurin fata da ake ja sama da ƙasa wajen saita tsirkiya ba zai iya da takwas ba, sai an sa maɗaurai masu murɗawa. Nauyin da tsirkiya 8 za su ɗora wa jaki ya fi ƙarfin fatar da aka saba, sai an canza yadda ake ɗaure ta ko a sa wani abu daban. Sannan idan ana son a danne tsirkiya uku a lokaci guda su yi daidai da juna, sai an gitta ƙarafa a wuyan, ƙarafan nan kuwa za su kafe sautuka a kan matakai 12 na fiyano, alhali yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakai biyar suke tafiya, kuma ba lallai su zauna daidai inda fiyano ya ajiye nasa ba.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana da hujja, amma idan aka kai ƙarshe abin da ke hannun masassaƙin ba garaya ba ce. Duniya ta riga ta bi wannan hanya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karebiyan da Amurka sun tafi da ilimin ƙera dangin garaya da gurmi da molo. A can aka shimfiɗe wuyan, aka sa maɗaurai, daga baya aka gitta ƙarafa, aka tsaya a kan tsirkiya biyar. Sunan abin banjo, abin kiɗa ne mai daɗi, yana da nasa gwanaye, kuma ana sayar da shi a kasuwa. Wanda ke son sa ya saya. Kashe kuɗin 'yan gudun hijira don a sake ƙirƙiro shi a Katsina, a kuma laƙaba masa sunan garaya, shi ne garin neman gira a rasa ido.

Hujjojin da suka fi ƙarfi

Ba zan yi kamar ɗaya ɓangaren ba shi da abin cewa ba. Za su ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Za su kawo Ziryab, makaɗin da ya baro Bagadaza ya sauka Kurɗuba a ƙarni na 9, wanda littattafan tarihi suka ruwaito cewa shi ya ƙara wa udun Larabawa layin tsirkiya na biyar. Za su kawo Bassekou Kouyate na Mali, wanda ya ƙara wa ngoni tsirkiya ya kuma hau da ita manyan dandamalin duniya. Za su nuna kora mai tsirkiya 21 su ce ai ita ma 'yar Afirka ce.

Duk gaskiya ne, kuma duk suna goyon bayana. Ziryab da Kouyate gwanaye ne da suka ƙure abin kiɗansu, hannunsu ya nemi wani sauti ya rasa, sannan suka ƙara. Buƙatar daga cikin kiɗan ta taso. Babu ɗayansu da wani kwamiti ya zauna ya yanke masa adadi bayan kallon bidiyo. Kora kuwa tana da 21 ne saboda ba a danne tsirkiyarta, kowace ɗaya sauti guda take bayarwa, don haka yawan sauti yana bin yawan tsirkiya. A garaya yatsa ne ke ƙirƙiro sautuka a kan tsirkiya guda. Kwatanta adadin wannan da na waccan kamar kwatanta rijiya da randuna ne ta hanyar ƙirga bakunansu.

Makaɗanmu kuma ba su taɓa ƙin canji ba. Gwangwanin kifi ya zama ƙoƙon kuntigi. Zaren roba da waya sun shigo cikin abubuwan da ake yin tsirkiya da su. Lasifika ta shiga fagen biki tun da daɗewa. Abin da ya yi musu amfani sun ɗauka ba tare da neman izinin kowa ba, abin da suka bari kuwa sun bar shi ne da sani. Ranar da wani mai garaya a Faskari ya ji hannunsa na neman tsirkiya ta uku, zai ɗaura ta da kansa, kuma ni ne zan fara zuwa saurare.

Abin da nake zargi yana ƙarƙashin wannan shawara kunya ce. Mu 'yan boko mun saba auna kayanmu da ma'aunin wasu, idan suka gaza a kan ma'aunin da ba nasu ba sai mu ce a gyara su. Irin wannan tunani ne ya sa, tun daga shekarun 1990, fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano, har aka wayi gari ana kwaikwayon sautin kalangu da maɓalli alhali mai kalangu yana zaune a bakin titi ba aiki. Akwai kuma masu ƙyamar garaya saboda alaƙarta da bori. Wannan muhawara ce ta daban, tana da malamanta, amma kowa ya san ƙarin tsirkiya shida ba zai sauya hukuncin kowa a kanta ba.

Abin da ya tsinke da gaske

Kiɗan maharba yana rayuwa ne a kan abubuwa uku: daji da ake farauta a cikinsa, dare da ake taruwa a cikinsa, da kasuwa ko biki inda kuɗi ke zagayawa har su iso hannun makaɗi. A wannan yanki duka ukun sun sami rauni.

Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana jingine da ƙasar Birnin Gwari, kuma dazuzzukan da suka haɗa su, waɗanda a da maharba ke shiga da rani, sun koma mafakar 'yan bindiga. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka nufi daji da su, sai bayan kusan mako guda aka sako su. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta fitar da dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan ukun. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma suna ciki, aka yi watanni a haka. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, ya san abin da suke nufi ga wanda abincinsa ya dogara da taron jama'a.

Maharbin da a da ake yi wa take idan ya dawo da nama, yau sintiri yake yi a bakin gari, wasu sun shiga rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023, wasu kuma an binne su. Biki da a da ake kwana ana kiɗa, a wurare da yawa yanzu kafin magariba an watse. 'Yan amshin makaɗi guda sun warwatsu, wannan yana Funtuwa yana dako, wancan yana Katsina yana acaɓa. Yaron da zai zauna a gefen ubangidansa shekara da shekaru yana riƙe buta, har kunnensa ya haddace taken kowane gida, ba shi da gefen da zai zauna. Take ba a rubuce yake ba. Idan wanda ya riƙe shi ya rasu ba tare da ya miƙa ba, ya tafi ke nan, tare da sunayen mutanen da aka yi shi dominsu da labarin abin da suka aikata.

Wannan ita ce asarar da ke gudana yanzu. Zuwa wa mutumin da ke cikin wannan hali da maganar ƙarin tsirkiya daidai yake da a tarar da mai karaya a fara yi masa gyaran farce.

Inda ya kamata kuɗin su tafi

Idan da gaske akwai kuɗin da za a kashe, ga aikin da ke jira. A nemo masu garaya da gurmi da kukuma da suka rage daga waɗannan ƙananan hukumomi, a inda suke zaune yanzu, a ɗauki kiɗansu da na'ura mai kyau, kowane take da sunansa da na wanda aka yi wa da garin da ya fito, a biya su haƙƙinsu a rubuce. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Tarayya da ke Dutsinma suna neman batun bincike kowace shekara, ga shi nan a ƙofar gida. A ba kowane gwani albashin wata-wata bisa sharaɗin ya ɗauki yara biyu ko uku ya koya musu yadda aka koya masa, daga buta zuwa amshi zuwa tsirkiya. A samar da fili mai tsaro da rana, a Funtuwa ko Malumfashi, inda za a riƙa kiɗa a gaban mutanen da suka san abin da ake cewa, domin makaɗi ba ya gogewa a gaban kyamara kaɗai. A tallafa wa masassaƙa da dukawan da ke ƙera kayan. Idan ana son zamani, a liƙa wa garaya ƙaramar makirfo don ta iya zama kusa da jita da fiyano ba tare da an danne muryarta ba, wannan gyara ne da ba ya taɓa jikinta. Duk wannan bai kai tsadar buɗe masana'antar sabon abin kiɗa ba, kuma kuɗin a hannun mutanen yankin za su sauka.

Shi kuwa matashin nan, ba ni da komai a kansa sai fatan alheri. Idan sandar Chapman ta shiga ransa, ya nemi tasa, ya zauna ya yi lissafin da masu ita ke yi, ya zaɓi 10 ko 12 gwargwadon kiɗan da yake son yi, ya tanadi janareta. Ƙasar Hausa tana da faɗin da za ta ɗauki wannan ma. Amma kafin ya sake tsayawa gaban taro ya yi maganar garaya, ina roƙonsa ya je Funtuwa ranar kasuwa, ya tambayi inda masu kiɗan da suka baro Faskari suke zama, ya gaida babbansu, ya ce masa, Baba, me ka rasa a sana'arka? Ya zauna ya saurari amsar har ƙarshe, sannan ya dawo mu sake zama a kan yadda za a kashe kuɗin.